Ɓatan Babur a Unguwar Marke

Ranar Juma'a, tsakanin tafiyar maza masallacin garin Jajaye da dawowarsu, babur ɗin Abdulmutalib ya ɓace daga siton Ɗantala. Ba a fasa kwaɗo ba, ba a ɓalle ƙyaure ba. Ɗantala ya dawo daga masallaci, ya buɗe siton da hannunsa zai auna wa wani masara, ya tarar buhuna na nan a jere, wurin babur kuwa fayau.

Babur ɗin nan ba irin wanda 'yan acaɓa ke ɗora wa mutum huɗu da akuya ba ne. Ƙato ne baƙi, mai akwati uku, da rediyo, da kujera mai majingina, nauyinsa ya kai na bijimi. Abdulmutalib ɗan garin ne, yana sayar da kayan gini a Abuja, ya iso a kansa ranar Alhamis da yamma, kuma duk Unguwar Marke ta fito kallo. Sai dai da aka zo shigar da shi gida, ƙofar zauren marigayi mahaifinsa ta yi masa kaɗan. Aka zaga gari aka rasa ƙofar da za ta ɗauke shi sai ta siton Ɗantala mai hatsi, wanda aka gina kan dakali mai tsawo, da gangara ta gefe. Nan aka tura shi ciki. Ɗantala ya kulle, ya ce amana ce, ya karɓa.

To kuwa kafin magariba gari ya gama yanke hukunci. Makulli ɗaya ne, a hannun mutum ɗaya yake. Mutanen da suka shekara ashirin suna ba Ɗantala ajiyar dawa da gyaɗa ba su taɓa rasa ko tiya ɗaya ba, su ne suka fara tuna cewa dama idonsa bai cika tsayawa wuri guda ba. Abdulmutalib ya ce Rogo zai kai magana wurin 'yan sanda. Dagaci Abdulmumini ya roƙe shi ya dakata zuwa azahar ɗin Lahadi, sannan ya aika garin Kurugu a kira Ilu mai bin sawu.

*

Ilu ya iso Asabar da hantsi a kan keken da ya girmi mai babur ɗin. Dattijo ne siriri, ba ya gaggawar magana, ba ya gaggawar tafiya, abinci kaɗai yake ci da sauri. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata daga ƙasar Karaye har iyakar Katsina. Babur kuwa ko na haya ba ya son hawa.

Bayan an gaisa, an tambayi iyali da amfanin gona da gajiyar hanya, Abdulmutalib ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Baba Ilu, ba raini ba, amma wannan ba saniya ba ce."

"Na ji, ɗana. Yana tashi sama?"

"A'a."

"To alhamdu lillahi. In dai ƙasa ya taka, mu je."

Daren Alhamis an yi ruwa, irin na ƙarshen damina, ƙasa ta yi laushi. Amma gaban siton 'yan kallo sun tattake shi tun jiya, ba abin da ya rage sai sawun silifa a kan sawun silifa. Ilu ya hau dakalin, ya leƙa ciki, ya daɗe yana duban daɓen. An share shi tas, har lungun bayan buhuna.

"Kai ka yi shara?" ya tambayi Ɗantala.

"Ni? Rabona da share siton nan tun kafin azumi," in ji Ɗantala. Idonsa ya yi ja, ya kwana bai runtsa ba. "Malam Ilu, wallahi ko taɓa shi ban yi ba. Tsoronsa ma nake ji. Tun safe mutum uku sun zo sun kwashe ajiyarsu, har da ɗan ƙanwata. In aka sa ni a mota zuwa Rogo, ko an sako ni na gama yawo a garin nan."

"Makullin fa, da shi ka tafi masallaci?"

"Ba na zuwa masallaci da makulli, yana huda min aljihu. A ƙusa nake rataye shi cikin ɗakina."

Matarsa Safara'u ta aiko da ruwa a kwanon sha, ta tsaya bayan labulen zaure aka gaisa. Ilu ya tambaye ta ko ta ji ƙarar babur jiya. Ta ce ba ta ji ba. Ya tambaye ta ko wani baƙo ya shigo. Ta ce ba baƙon da ya shigo. Ilu ya lura duk amsoshinta gaskiya ne, kuma ta zaɓe su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

*

Wanda aka fi zargi bayan Ɗantala shi ne Sabi'u bakanike, don an gan shi ranar Alhamis yana zagaya babur ɗin har sau bakwai, yana shafa shi. Ilu ya same shi a rumfarsa ya kwance injin wani tsohon mashin.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba, na so shi," in ji Sabi'u, yana goge hannu. "Mutum ya taso daga Abuja, awa biyar, ya sauka bayansa bai yi ciwo ba! Iska ba ta dukan ƙirjinsa. Har giyar baya gare shi kamar mota. Amma in sace shi in kai shi ina? Daga nan har Zariya ba mai irinsa, duk inda ya gifta sai yara sun bi shi da ihu. In ya lalace ba ni da sifanar da za ta kama shi. Mai kuwa yana sha kamar an huda tanki. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya shiga rairayi, in ya faɗi sai mutum uku sun taru."

"Ana iya tada shi ba makulli?"

"Makullinsa wani ɗan abu ne a aljihun mai shi. Ba shi kusa, ko ka kwana kana latsawa ba zai tashi ba. Sai dai a tura."

"Jiya a wane sahu ka yi salla?"

"Na biyu, kafaɗa da kafaɗa da Ɗantala. A mashin ɗina ma muka dawo."

Ilu ya yi masa godiya. Bai ƙaru da sanin ɓarawo ba, amma ya san yanzu cewa babur ɗin bai fita da ƙafarsa ba.

Yana fitowa sai ga matasa a guje, wai sun gano sawu. Suka ja shi bayan gari, hanyar Rogo, suka nuna masa sawun taya mai faɗin tafin hannu ya miƙe yamma. Dagaci da Abdulmutalib suka iso, jama'a ta biyo baya. Ilu ya tsuguna, ya bi sawun kamar taku ɗari biyu, har inda ya yi kwana a gindin wata ɗorawa ya dawo gari.

"Sawunsa ne," ya ce. "Amma na safiyar Juma'a ne, kaji sun bi ta kansa. Kuma mutum biyu ne a kai, na bayan ya fi na gaban nauyi sosai. A nan wurin kwana na bayan ya tsorata ya sauke ƙafa. Takalminsa na sarauta ne."

Kowa ya waiwaya. Dagaci ya gyara rawani, ya yi gyaran murya.

"Yaron ne ya matsa sai na ɗana," ya ce. "Kujerar dai ba laifi."

Dariya ta ɓarke, ita ce ta farko a garin tun jiya. Abdulmutalib kaɗai bai yi ba.

*

Bayan la'asar Ilu ya bar mutane, ya je ya zauna kan wani kututture a bakin hanyar gona. Ya gaji, kuma ransa ba daɗi, don fuskar Ɗantala ta tsaya masa a rai. Lokacin cirar gyaɗa ne, amalanken shanu sai wucewa suke. Su fita da sauri suna ƙarar katako, su dawo a hankali maƙare da gyaɗa da harawa, shanu na nishi. Ya gaisa da wannan, ya gaisa da wancan, idonsa na ƙasa don sabo.

Duk sawun da ya nufi gona sama-sama yake. Duk wanda ya nufo gari ya nutse. Haka kaka take ko'ina, ba mai kai kaya gona a wannan wata.

Sai guda ɗaya. A gefen hanya, inda laka ta fara bushewa, akwai sawun amalanke da ya nufi gona ya nutse har rabin ɗan yatsa, kofaton shanun ya kafe a ƙasa saboda ja. Kusa da shi ga sawun dawowarsa, da shanun nan dai, ɗaya mai karkataccen kofaton baya, amma da ƙyar tayar ta taɓa ƙasa. A gefe da gefe kuma ƙananan sawaye ne na mutum biyar, gajeren taku, irin na wanda zane ya ɗaure wa ƙafa.

Ilu ya miƙe, ya kama kekensa, ya bi. Sawun ya bar babbar hanya, ya ratsa tsakanin gonakin dawa, ya tsaya a wata 'yar gayauna, ƙaramar gonar gyaɗa irin wadda ake yanka wa mace. A tsakiyarta an tara harawa tuli guda, ya fi ƙarfin abin da gonar za ta iya bayarwa. Ya zura sandarsa ciki a hankali, ta daki ƙarfe. Ya yaye harawar ya duba, ya mayar.

Ya tambayi wani mai yankan ciyawa gonar wa ce. Da ya ji amsa sai ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

*

Sa mai karkataccen kofato na Yelwa ne, wata gwauruwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli, wadda ta gaji shanun mijinta kuma take kora su da kanta ba ta neman alfarmar kowa. Ilu bai tsaya wurinta ba. Lahadi da sassafe ya wuce kai tsaye gidan mai gonar, ya yi sallama, ya ce yana son gaida Hajiya Tani, mahaifiyar Abdulmutalib.

Ta fito zaure tana laluben bango, ta zauna kan tabarma. Suka gaisa gaisuwar tsofaffi, ba wanda ya rage komai.

"Hajiya, na je gayaunarki. Gyaɗa ta yi kyau bana. Harawar ma har ta yi nauyi."

Ta gyara zama. Can ta ce, "Dama an ce kai ba a ɓoye maka."

"Ku biyar?"

"Mu biyar. Yelwa ta ja amalanke ta jingina da dakali, muka turo shi a kan buhunan ƙaiƙayi. Safara'u ba ta so ba, ni na sa ta rantse, ta ɗauko makulli a ƙusa. Ita ta yi sharar ma, wai mun ɓata wa mijinta sito."

"Me ya yi zafi haka?"

Ta juya fuska wajen ƙofa. Abdulmutalib ɗanta ne na fari. Shekara talatin da takwas ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba, ko a gaban mutane ko a bayansu. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ta yi. In ya gaishe ta, bango take amsa wa.

"Da can da yake zuwa a motar haya," ta ce, "sai ya yi mako, don hanya da wahala. Tun da ya fara sayen waɗannan abubuwa, ya zo yau ya koma gobe, wai ai kusa ne, zai dawo. Shekara shida kenan ina jin zai dawo. Malam Ilu, likita a Karaye ya ce idon nan na dama ya tafi, na hagun ma yana bin sa, ba a yi masa aiki. Ta kafar labule nake kallonsa in yana cin abinci. Ya zo Alhamis da yamma, wai Asabar da asuba zai wuce. Ban gama ganinsa ba."

"Ai da kin aika a faɗa masa."

"In ce me? In ce ina son ɗan fari ya zauna kusa da ni? Da wane bakin?"

Tausayi ya kama Ilu har ya rasa inda zai sa idonsa. Amma ya tuna mutumin da ake kwashe wa ajiya.

"Hajiya, kin sami kwana biyu. Ɗantala ne ya biya su da mutuncinsa."

"Na sani. Kowace safiya sai in ce yau zan faɗa, sai in ji muryarsa a tsakar gida, in ce gobe."

"Ba sauran gobe. In na fito da babur na yi shiru, za a ce Ɗantala ne ya ɓoye shi a can, don kwaɗo bai karye ba. Ni ba zan fara kiran sunanki ba. Amma in Dagaci ya tambaye ni, ban taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba."

Ilu ya miƙe. Ya yi mata sallama ya fita.

*

Bayan azahar aka taru a ƙofar gidan Dagaci. Ɗantala na zaune gefe shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da mutane. Sabi'u na nan. Abdulmutalib na tsaye da waya a hannu, ya riga ya kira motar da za ta kai su Rogo. Mata sun taru daga nesa, jikin katanga.

Ilu ya fara da Sabi'u, ya wanke shi. Ya ce babur ɗin ba tuƙa shi aka yi ba, ɗaukarsa aka yi. Ya ba da labarin amalanken da ya fita da kaya ya dawo wayam a tsakiyar kaka. Ya ce babur na nan lafiya a ƙarƙashin harawa, sai ɗan ƙujewar fenti da madubi ɗaya da ya karye.

Wuri ya kaure da salati. Wani daga baya ya ce, "To wa ya buɗe siton in ba mai makulli ba?"

"Lokacin da aka buɗe shi, duk namijin garin nan mai lafiya yana Jajaye yana sauraron huɗuba," in ji Ilu. "Kun yi kwana biyu kuna ƙirga maza."

Dagaci ya dube shi. "Malam Ilu, a gonar wa ka same shi?"

Ilu ya buɗe baki, amma ba shi ya amsa ba.

"A tawa, ranka ya daɗe."

Hajiya Tani ce ta taho, Yelwa na riƙe da hannunta, Safara'u na biye tana kuka. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta fuskanci Dagaci, ko gefen da ɗanta yake ba ta kalla ba.

"Ni na sa aka ɗauka. Ɗantala bai sani ba, bai ji ba, bai gani ba. Na zalunce shi, ina roƙonsa gafara a gaban jama'a. In akwai mai zuwa Rogo, ni ce."

"Hajiya," in ji Dagaci a hankali, "kayan ɗanki ne fa. Don me?"

Tsofaffin matan da ke jikin katanga suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ake nema ta faɗa, sun kuma san nauyinsa.

"Idona na ƙarewa," ta ce. "Mai babur ɗin kuma ba ya zama."

Iyakar abin da ta iya kenan. Abdulmutalib ya sauke wayar daga kunnensa. Ya dubi mahaifiyarsa, ya ga yadda take riƙe da hannun Yelwa, ya ga ba Dagaci take kallo daidai ba, ɗan gefensa take kallo. Bai san da maganar idon ba sai yanzu. Sai ya taka har gaban Ɗantala ya tsuguna.

"Baba Ɗantala, na ci mutuncinka a garinmu. Ka yafe mini."

Ɗantala ya share fuska da hannun riga. Ya dubi matarsa, ya girgiza kai, ya ce wannan maganar ta cikin gida ce, za su yi ta. Sannan ya ce ya yafe, duniya da lahira.

Abdulmutalib ya sa hannu a aljihu, ya ciro ɗan makullin babur ɗin, ya ɗora a tafin Ɗantala, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"In an kawo shi, a mayar da shi sitonka. Wannan ma ka riƙe. Ba wanda na yarda da shi a kan kayana kamar kai."

"Har zuwa yaushe?" in ji Ɗantala.

"Har ranar da Iya ta ce mini in tafi. Ita da bakinta, ba aike ba."

Wata tsohuwa ta yi 'yar dariya, ta rufe baki da mayafi. Ilu ya dubi Hajiya Tani. Ta yunƙura ta miƙe, ta gyara lulluɓi, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Ta juya wajen Yelwa, ta yi magana da ƙarfi kamar Yelwa kurma ce.

"Ki gaya wa mutumin nan tuwonsa na can yana hucewa."